Su wa ke bayan katangun Nassarawa GRA?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Gwammaja ne, shekarata 11 ina tsaron shagon yadi a Kantin Kwari. Bana maigidana ya sallame ni da ɗan jari, sai wani abokina ya matsa mu haɗa kuɗi mu kama shago a Nassarawa GRA, unguwar manya ta Kano, mu buɗe kantin kayan masarufi, wai a can kuɗi suke kwance. Na je na zaga sau biyu da rana, ban ga komai ba sai dogayen katangu da get a rufe, titi fayau ba mutane. Don Allah su wa ke zaune a unguwar nan? Yawansu ya isa a kafa kasuwa dominsu? Daga ina kuɗinsu yake fitowa, kuma a ina suke kashe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa jarin albarka, ya saka wa maigidanka da alheri, don ba kowane ubangida ke sallamar yaronsa da abin kama sana'a ba.

Abokinka bai yi ƙarya ba, kai ma idonka bai yaudare ka ba. Akwai dukiya a Nassarawa, amma ba a can ake nemanta ba, kuma mafi yawanta ba a can ake kashe ta ba. Kwana take zuwa yi. Da safe ta fita zuwa Kwari da Singa da Dawanau da Sharaɗa da ofisoshin gwamnati, da daddare ta dawo a rufe mata get. Na daɗe ina aikin awon filaye da ƙiyasta kuɗin gidaje a garin nan, na shiga gidajen unguwar da dama, kuma wannan shi ne abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin maganarka.

Titin da ka gani fayau ba haɗari ba ne, haka aka zana wurin tun farko. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, ba su zauna cikin ganuwa ba. Sun koma gabas da birni, wajen Nassarawa da Bompai, kusa da gidan Sarki na Nassarawa, wanda a can aka binne Sarki Ado Bayero a 2014. A nan Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a 1909, gidansa kuma yana nan har gobe. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi yawa, sai aka rarraba gari: 'yan ƙasa a birni, mutanen kudu a Sabon Gari, 'yan Labanan da iyayenmu ke kira Kwarori a wajen Fagge, Turawa kuma a keɓaɓɓen wurinsu. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da wannan rabo, aka kuma bar fili na yadi 440, wato kwatan mil, wanda ba a yarda a yi gini a cikinsa ba, tsakanin mazaunin Bature da na kowa. Hujjar da suka bayar ita ce gudun zazzaɓin sauro. Filin sukuwa da filin golf da na folo da ke wannan yanki duk daga wancan zamani suka samo asali. Gida ɗaya a tsakiyar fili mai faɗin eka ko fiye, bishiyoyi kewaye, ɗakunan boyi da kuku can baya. Ba a yanka wa kasuwa wuri ba, ba a yanka wa mai tireda ba, don ba a nufi mai tafiya a ƙasa da wurin ba.

Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikatanmu suka gaje gidajen. Ƙirƙiro jihar Kano a 1967 da zuwan Audu Bako ya ƙara yawansu: kwamishinoni, manyan sakatarori, alƙalai, likitoci. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da satifiket na mallaka, yawanci na shekara 99. Wannan takarda tana daga cikin manyan abubuwan da suka bambanta GRA da sauran gari. Gidan gado a cikin birni ko filin awon igiya a bayan gari sau da yawa ba shi da ita, gidan Nassarawa kuwa galibi yana da ita, banki yana karɓarta jingina. Wanda ya sayi gida a can ba wurin kwana kaɗai ya saya ba, ya sayi ma'ajiyar kuɗi da hauhawar farashi ba ta cinyewa kamar yadda take cinye naira a asusu.

Yanzu batun yawan jama'a, kuma a nan nake so ka buɗe kunne, don da shi dillalai ke ruɗin mutane. Za a ce maka ai Nassarawa ta fi ko'ina mutane a Kano. Gaskiya ne a ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ƙaramar hukumar Nassarawa tana da mutum kusan 600,000, a cikin jiha mai kimanin miliyan 9.4. To amma ƙaramar hukuma ake nufi, ba GRA ba. Mutanen nan suna Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada da Tudun Murtala da Dakata da Kawaji da Ƙaura Goje da Giginyu da Hotoro. A Gama, filin da bai kai na gida ɗaya na titin Lamido Crescent da ke GRA ba yana iya ɗaukar layi guda na gidajen haya, kowane ɗaki da iyali. GRA ta cinye fili mai yawa na ƙaramar hukumar, amma kasonta a jama'a ɗan kaɗan ne. Kai da ka saba da Kwari, inda kafaɗa ke gugar kafaɗa, ka san kanti da ƙafa yake rayuwa. A can ƙafar ce babu.

Mazauna unguwar kuma ba ɗaya suke ba, ko da yake katanga ta sa sun yi kama. Waɗanda suka fi ba ni tausayi, kuma ba kasafai ake tunawa da su ba, su ne tsofaffin ma'aikata da matan da mazansu suka rasu suka bari. Dattijo ya samu fili ko gidan gwamnati shekara arba'in da suka wuce, yau gidan ya kai kuɗin da bai taɓa mafarkin riƙewa ba, amma abin da ke shigo masa fansho ne. Fentin katanga ya koɗe, motar da ke gareji ta daɗe ba ta motsa ba, ya sa an gyara ɗakunan baya ya zuba 'yan haya don ya samu na cefane. Irin wannan mai gida, ka gan shi a kan dukiya amma aljihunsa kamar na maƙwabcinka a Gwammaja. Gefensa sai ka tarar da ɗan kasuwa wanda shagunansa ke Kwari ko Singa, ko mai sito a Dawanau, ko mai gidajen mai, ko mai masana'antar roba ko ta shinkafa. Shi ne ya rushe tsohon gini ya ɗora bene, ya shimfiɗe tsakar gida da intalok. Akwai 'yan siyasa da 'yan kwangila, waɗanda gidajensu ke cika maƙil a shekarar zaɓe, su yi tsit in mulki ya juya. Wajen Bompai kuma, kusa da tsofaffin masana'antu, akwai iyalan 'yan Labanan da wasunsu kakanninsu ma a Kano aka haife su, da Indiyawa, da 'yan Chana da suka shigo daga baya.

Sai gidajen da ba kowa. Waɗannan sun fi yadda kake zato. Mai gidan yana Abuja ko Legas ko wata ƙasa, yana zuwa da Sallah ko ɗaurin aure ko rasuwa. 'Ya'yan suna karatu a Masar ko Indiya ko Malesiya ko Ingila. Ɗaki goma sha, amma mai gadi ne kaɗai ke kwana, a ɗan ɗakinsa na bakin get, da butarsa da rediyonsa. In ka ƙirga gidajen titi ka ce ka samu kwastomomi, ka ƙirga har da waɗannan, lissafinka ya riga ya karye.

Kada kuma ka ɗauka duk mai kuɗin Kano ya tare a GRA. Tsohuwar dukiyar garin nan ba ta cika barin tushenta ba. Gidan Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, a Ƙoƙi da Sarari ya kafu, zuriyarsa da yawa suna nan. Khalifa Isyaka Rabi'u a Goron Dutse ya zauna har ya koma ga Allah a 2018. Attajirin Kano na asali yana son zaure cike, yana son masallacin ƙofar gida da jama'ar da za su gaishe shi bayan Asuba. GRA ta ɗan boko ce tun asali, sai daga baya 'yan kasuwa suka bi, musamman 'ya'yansu da suka yi makaranta.

Ga abin da ka rasa gani saboda ka je da rana. Ka koma da ƙarfe shida da rabi na safe, ka tsaya ta inda Badawa ko Giginyu ke haɗuwa da GRA. Za ka ga jama'a suna kwarara kamar an buɗe makaranta: direba da hularsa a hannu yana sauri kada yara su makara, mata masu aikatau biyu-biyu cikin hijabi, mai ban ruwan fulawa a kan keke da almakashinsa ɗaure a baya, mai wanki, birkila da leburorinsa, malamar makarantar kuɗi tana sauka daga A Daidaita Sahu, almajirai da robobinsu suna nufar gidajen da suka saba yi wa shara. Masu gadin dare, da yawansu Buzaye daga Nijar, suna naɗe tabarma. Da Magariba ruwan ya juya, su koma inda suka fito. A lissafina, a yawancin titunan nan waɗanda ke yini suna aiki sun fi waɗanda ke kwana a matsayin masu gida. Unguwar masu kuɗi ce, amma talaka ne ke riƙe da ita, kuma ba ya iya kama ko ɗaki ɗaya a cikinta. A nan ba zan ɓoye abin da ke damuna ba: a cikin wannan ayari akwai 'yan mata ƙanana da dillaliya ta kwaso daga ƙauye, ana biyan kuɗin aikinsu ga wani, su kuma ba boko ba Islamiyya, a gidan da 'ya'yan masu gida ke zuwa makarantar da ta fi kowace tsada. Duk wanda Allah ya hore wa har ya ajiye 'yar aiki, ya hore masa abin sa ta a makaranta.

To ina kuɗin masu gidan ke tafiya? Babban kaso yana tafiya wajen riƙe gidan kansa, domin kowane gida ƙaramar gwamnati ce. Ruwan famfo ba abin dogaro ba ne, sai an haƙa burtsatse. Wuta sai an haɗa da janareta da sola. Tsaro sai an ɗauki mai gadi, an ja waya a kan katanga, musamman tun bayan harin 20 ga Janairun 2012 da ya taɓa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, lokacin da katangu suka ƙara tsawo, wasu tituna aka datse su. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin zirga-zirga da na janareta. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Gidan da ke kan irin wannan layi mai na'urar sanyaya ɗaki biyar ko shida ya ji a jikinsa. Bayan wannan sai kuɗin makaranta, asibiti, Umara, biki, da 'yan'uwa da ke zuwa da buƙata, don babu mai kuɗin da ke ci shi kaɗai a garin nan.

Cefane kuwa, wanda shi ne ya shafe ka, ba a ƙofar gida ake yin sa ba. Hajiya ba ta aiken yaro ya sayo sukarin ɗari biyu. Shinkafa da mai da taliya daga Singa ake ɗauko su buhu-buhu da katan-katan, sau da yawa daga shagon ɗan'uwa ko abokin Alhaji, a farashin sari. Kayan miya direba ya je 'Yankaba. Abin da ya rage a shiga mota a je manyan kantuna irin su Sahad da Jifatu, inda ake samun komai a rufi ɗaya da wurin ajiye mota. Wanda ke da mota, tafiyar minti goma ba komai ba ce a wurinsa, saboda haka kusancinka da gidansa bai ba ka wani fifiko ba. Ka kuma tuna Shoprite, da duk ƙarfinsa, ya rufe reshensa na Ado Bayero Mall a Janairun 2024. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙaramin kanti a tsakiyar GRA zai biya hayar masu kuɗi, amma wanda zai riƙa shigowa kullum shi ne mai gadi da direba da lebura, masu sayen burodi da ruwan leda da katin waya. Ciniki ne na halal kuma yana da albarka, sai dai mai tebur a gindin darbejiya ya riga ka kama shi, kuma shi ba ya biyan haya.

Duk da haka unguwar tana sauyawa, kuma a cikin sauyin ne ƙofarka take, in akwai. Abin da ke sauya ta shi ne gado. Na taɓa zuwa ƙiyasta wani tsohon gida a can bayan rasuwar mai shi. Ginin ƙasa ne na zamanin Turawa, baranda ta zagaye shi, ga mangwaro da maɗaci da suka girmi duk wanda ke wurin, inuwa ta rufe ko'ina har ka manta watan Afrilu ake ciki. Magada 19 ne, da mata biyu. Babu ɗaya a cikinsu da zai iya biyan sauran ya riƙe gidan, don haka dole a sayar. Uwargidan ta kama hannun wata jikarta ta kai ni gindin wani mangwaro, ta ce ita ta dasa shi shekarar da suka tare, ta tambaye ni ko wanda zai saya zai bar shi. Na kasa ba ta amsa, don na san abin da zai biyo baya. Bayan shekara biyu na bi ta titin. Gidaje takwas ne a jere a filin, iri ɗaya, get ɗaya, babu ko reshe.

Haka ake yi titi bayan titi. Fili ɗaya ya zama rukunin gidajen haya, ko makarantar kuɗi, ko asibiti, ko otal, ko ɗakin taron biki, ko ofishin wata ƙungiya. Manyan hanyoyi irin su titin Ahmadu Bello da na Audu Bako da Sultan Road da hanyar Haɗeja sun cika da bankuna da wuraren cin abinci da shaguna. Masu shiga sababbin gidajen nan ba irin tsofaffin mazauna ba ne: matasan ma'aurata ne, ma'aikatan banki da na kamfanonin waya, likitoci, 'ya'yan 'yan kasuwa da aka yi wa aure aka kama musu gida. Iyali ƙarami, miji da mata duk suna fita aiki, ba su da sito, ba su da direba. Su ne ke saye kaɗan-kaɗan, su ne ke yin oda ta WhatsApp a kawo musu har gida. A matsayina na wanda ya san yadda wurin yake a da, abin yana yi mini ciwo, domin abin da ya ba unguwar daraja, wato sarari da inuwa da shiru, shi ake sayarwa har ya ƙare. Kwalbatocin da aka yi don gida ɗaya yanzu suna ɗaukar ruwan gida takwas, tsakar gida duk siminti, ruwan sama ba ya samun inda zai nutse sai ya kwarara titi ya gangara wa na ƙasa. Burtsatse kuma kowa na ƙara zurfafa nasa. Amma ta fuskar ciniki, ƙaruwar jama'a ce, kuma kai ciniki ka tambaya.

Shawarata, ɗan'uwa, kada ku zuba jarinku a kayan masarufi a cikin lungunan GRA. In kun nace sai wannan yanki, ku nemi baki-baki, inda GRA ta haɗu da Badawa ko Giginyu ko Tarauni ko Hotoro, wurin da haya ta fi sauƙi, kuma ƙafa biyu ke wucewa, ta mai gida da ta mai aiki. Kafin ku ba dillali ko sisi, ku tabbatar wurin yana da izinin kasuwanci daga hukumar tsara birni ta KNUPDA, ba gidan zama ba ne aka fasa katangarsa aka fitar da shaguna, ku kuma sa lauya ya duba takardun filin a ma'aikatar ƙasa. A Yunin 2023 an rushe wani bene mai shaguna da yawa da aka gina a filin sukuwa, kuma duk lokacin da irin haka ta faru ɗan haya ne ke fara kwasar asara.

Sannan ina mamakin yadda za ka bar abin da ka shekara 11 kana koyo. Ka san shadda, ka san leshi, ka san atamfa, kana taɓa yadi ka faɗi asalinsa. Gidajen nan ba sa rabuwa da biki da haɗa lefe da ɗinkin Sallah, kuma Hajiya da yawa ba ta son cunkoson Kwari da zafinsa. Wanda zai ɗauko mata kaya masu kyau ya kai har falo, ya faɗi gaskiyar farashi, ya dawo ya canza in ba su yi ba, shi take nema, kuma in ta yarda da kai za ta haɗa ka da ƙawayenta da surukanta. Wannan ba ya buƙatar shago a Nassarawa. Yana buƙatar ɗan wuri a Kwari inda kake da jama'a, waya mai kyamara mai kyau, abin hawa, da mace amintacciya, matarka ko ƙanwarka, da za ta shiga cikin gida inda kai ba za ka shiga ba. Ka kyautata wa mai gadi da direba, don ta hannunsu ake shiga kowane gida a can. Ka kuma yi hattara da bashi: babban gida ba ya nufin biya a kan lokaci, kuma ƙaramin jari ba ya jure "ka dawo in Alhaji ya dawo daga tafiya" sau uku. Ka sa wa kanka iyakar abin da za ka bayar bashi tun ranar farko, ka rubuta komai.

In abokinka bai gamsu ba, ku ɗauki littafi da biro ku je ƙofar shagon da yake so ku kama. Ku zauna kwana uku, ɗaya a ciki ya zama Asabar, daga bakwai na safe zuwa bayan Isha. Ku rubuta mutum nawa suka wuce a ƙasa, mota nawa ta tsaya, da abin da kowa ya saya a wurin mai tebur na kusa. Ku kawo mini abin da kuka samu tare da kuɗin hayar da aka yanka muku, mu zauna mu buga lissafin tare. Allah ya yi jagora.